Audugar da Ke Ƙarƙashin Haɓa

Talata, 19 ga Satumba

Kwana biyu ke nan da wasan da muka yi a farfajiyar wurin ibada, har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. Ɗazu na sake wanke tukunyar da na riga na wanke.

Baba ya gogi ginshiƙi. Ba faɗuwa ya yi ba, hannun rigarsa ne kawai ya shafi ginshiƙin kusurwar gaba, wanda duk mai sanye da fuskar katako yake auna kansa da shi don kada ya zarce. Taku ɗaya bayan ginshiƙin nan dandamali ya ƙare, sai tsakuwa can ƙasa. Masu kallo ba su lura ba. Ni da nake durƙushe a baya cikin baƙaƙen kaya ina tsaron bayansa, na gani sarai, har na ɗaga gwiwa ɗaya.

Tun yana ɗan shekara biyar yake hawa dandamalin Noh, wasan kwaikwayonmu na gargajiya, ga shi yana shirin cika tamanin, bai taɓa yin haka ba.

A mota, da muka shigo garinmu Kanazawa, ya ce min, "Tokie, ban ga ginshiƙin nan ba." Na ce hasken wurin ne ba shi da kyau. Ya ce, "Da rana tsaka?" Sai na hau masifa da mai babbar motar da ke gabanmu, mutumin da bai yi min komai ba.

Na san dalili. Ba zan rubuta shi yau ba.

Alhamis, 21 ga Satumba

To, bari in rubuta, ko na samu in ci abinci. A hankali zan bi, kamar ina yi wa baƙo bayani.

Fuskar katako ba ta zama a fuskar mutum haka kawai. Sai an liƙa mata 'yan gammon auduga a ciki, naɗe da takarda, a goshi da kumatu da haɓa. Su ne ke saita inda za ta kalla. Ta Baba fuskar budurwa ce: ta ɗan ɗaga, budurwar tana fara'a. Ta ɗan sunkuya, tana kuka. Bambancin bai fi kaurin farce ba. Mama ce ke naɗa wa Baba nasa. Da ta rasu shekara shida da suka wuce, shi kuma yatsunsa sun ƙage, sai aikin ya dawo hannuna.

A shekarar ne wuyansa ya fara sunkuyawa. Shi bai sani ba, wa zai faɗa masa? Bayan wani wasa Kawu Uozumi mai gangar kafaɗa, abokinsa tun suna yara, ya tare ni yana dariya: "Budurwar taku wa ya mutu mata? Tun da ta fito take kuka." Ranar ji na yi kamar in nutse. Wasa na gaba na ƙara takarda ɗaya a gammon haɓa, fuskar ta ɗan ɗago. Kowa ya yaba. Shekara ta zagayo, wuyan ya ƙara, ni ma na ƙara. Yanzu gammon haɓa ya kai kaurin babban yatsa, na goshi kuwa ya kusa zama takarda zalla.

Jiya da ya tafi gidan wanka na hau saman gidanmu, inda dandamalin bita yake, na ɗaura fuskar da gammonsa, na sunkuyar da wuya yadda nasa yake. Ramukan idon dama ba su fi ƙwayar wake ba. Yanzu sun kauce daga saitin ido, sai ka juya ƙwayar idonka sama kafin ka samu ɗan haske. Ginshiƙi kam babu shi.

Duk sanda zai fita, yana zaune gaban madubi yakan tambaye ni, "Ta zauna?" In ce, "Ta zauna, Malam." A sama Malam ne, a ƙasa Baba. Shekara shida ina rufe masa ido da hannuna, takarda bayan takarda, don kada a ce ya tsufa.

Litinin, 25 ga Satumba

Ya sa na kai shi wurin likitar ido. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce idanunsa sun fi nata. Na ɗauka zai ji daɗi. Muna fitowa ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na dukansa, laima a rufe a hannunsa.

"In ba ido ba ne, to mene ne?" Sai ya ɗora yatsa a goshinsa.

Wannan kam ban taɓa kawo shi a raina ba. Kakana haka ya fara: ya tsaya tsakiyar wasa da mafici a hannu, ya manta inda yake. Baba ne ke tsaron bayansa a ranar, shi ya tashi ya ƙarasa wasan ba fuska ba kayan ado, kamar yadda ƙa'ida ta ce, don wasa ba ya tsayawa saboda mutum. Kaka ya yi shekara tara bayan nan bai san sunan kowa ba.

Na buɗe baki a mota. Abin da ya fito shi ne, "Baba, kifi za ka ci ko taliya?"

Laraba, 4 ga Oktoba

Ya koma jarraba kansa. Da safe ya jero sunayen tashoshin jirgin ƙasa daga nan zuwa Kyoto, da rana ya tambaye ni abin da ya karya da shi don ya ga ko ya tuna daidai. Ya hau manna takardu a akwatunan riguna: wannan ta kakansa ce, wannan ba a naɗe ta ta hagu. "Tun ina iyawa," in ji shi.

Yau bayan ɗalibai sun watse ya ce in zauna. Maganar wasan cikarsa tamanin ce, sha biyu ga Nuwamba, wasan Mai Rini, fatalwar budurwar da ta rina kayan aurenta ta mutu ba ta sa ba. Ya ce ba zai yi ba. "Ke za ki yi. Ni zan tsare miki baya, in kaina ya kai lokacin."

Zan faɗi gaskiya tun da babu mai karantawa. Daɗi na ji. Daɗi ya taso min tun daga ciki har kunnuwana suka yi zafi. Shekarata hamsin da huɗu, kullum ni ce baiwar gimbiya, ni ce ƙawar budurwa, ni ce mai gyara wa wani riga. Na sunkuya na ce, "Na karɓa, Malam," kamar wadda aka ɗora wa kaya ba ta so.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Na yi bita ni kaɗai awa uku. Ƙafafuna sun san wasan nan tun tuni. Tir da ni.

Asabar, 14 ga Oktoba

Kawu Uozumi ya zo da busasshen kifi da bakin nan nasa. Tun daga ƙofa yake cewa, "Ina majinyacin? An ce ka manta sunanka, na zo in tuna maka. Sunanka Mai Taurin Kai."

Baba ya ce, "Ji mai magana, kai da ka shekara sittin kana shigowa bayan kiɗa ya wuce."

"Ka gani? Wanda kansa ya taɓu ba ya riƙe laifin mutane haka. Seigo, kanka ƙalau, mugun hali ne kawai ya yi maka yawa."

Baba ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya tura masa shayi.

Da na raka Kawu waje, yana sa takalmi ya rage murya. "'Yata, ki hana shi ajiyewa. Shekarun nan budurwarsa ta fi ta da kyau, kai a ɗage kamar ɗan arba'in. Ban san yadda yake yi ba." Na riƙe masa laima ina kallon ƙasa. Ni na san yadda yake yi.

Na koma ciki na fasa kofi. Ba da gangan ba, ina jin.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ya manta laimarsa a gidan wanka. Wa bai taɓa manta laima ba a garin nan da ruwa ba ya ɗaukewa? Na same shi zaune a bakin ƙofa jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafa. Ashe har ya kira asibiti, za su ɗauki hoton kansa ranar talatin ga wata. Ya ce, "In abin ya zo, kada ki riƙe ni a gida. Na ga abin da riƙon kakanki ya yi wa mamanki."

In na yi shiru, wasan nawa ne, shi kuma zai ci gaba da jiran ruɗewar da ba ta zuwa. In na yi magana, sai in gaya wa mutumin da ya koya wa rabin garin nan miƙe baya cewa nasa ya tanƙware, kuma 'yarsa ta shekara shida tana yi masa ƙarya a gaban madubi.

Na ɗauki kwandon cefane na zagaya unguwa sau biyu cikin ruwa. Ban sayo komai ba.

Talata, 24 ga Oktoba

Na faɗa.

Da safe, a sama. Na ɗauko akwatin fuskar, na ajiye gammo biyu a gabansa: na ƙarshe da Mama ta naɗa, wanda na adana, da nawa na bana. Ya dube su, ya dube ni. Na yi bayani a birkice, na fara daga ƙarshe, na tsoma Kawu Uozumi a ciki alhali ba ruwansa.

"Wa ya sa ki?"

"Babu kowa."

"Wuyan nawa ya yi me?"

"Ya sunkuya, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar Mama."

"Ke nan duk tambayar da nake yi miki..."

"Ai ta zauna ɗin, daga waje."

"Daga waje." Sai da ya maimaita sau biyu, sannan ya ce in sa na Mama.

Ya ɗaga fuskar da hannu biyu, ya sunkuya mata kamar kullum, na ɗaura masa. Ya miƙe, ya ja ƙafa taku uku, ya tsaya. Sai na ji dariya daga bayan katako. "Ga shi can, ɗan banza. Ga ginshiƙi. Ga ɗayan can ma." Ya zagaya dandamali sau biyu kamar yaron da aka saya wa keke. Ni kuwa kuka nake, ban ma san na fara ba.

Da ma a nan ya tsaya. Amma ya ce in koma wurin masu kallo in ɗauke shi da waya, shi da bai taɓa yarda ya kalli kansa a cikin abin nan ba. Na ɗauka. Ya cire fuskar, ya sa tabarau, ya kalla har ƙarshe, ya ce in mayar farko. Budurwar na kallon ƙasa tun daga fitowa har komawa, kafaɗu a zube.

"Wace ce wannan tsohuwar?" Ba ni yake tambaya ba. Ya naɗe fuskar da kansa da ƙagaggun yatsun nan, ya sauka yana dafa bango.

Laraba, 25 ga Oktoba

Bai yi min magana ba. Ya dafa shinkafarsa da kansa, ta caɓe, ya cinye.

Asabar, 28 ga Oktoba

Kwana huɗu. Ya soke zuwa asibiti, na ji shi a waya. Yana barci, yana ci, yana yi wa ɗalibai faɗa kamar da. Ni ce dai babu ni a gidan. In yana son gishiri sai ya tashi ya zagaye ni ya ɗauko.

Yau haushi nake ji, ba nadama ba. Wa ya hana shi duba madubi ta gefe? Shekara shida ana yabonsa, da audugar wa? Kuma wasan fa? Sati biyu ya rage, babu wanda ya san wa zai yi Mai Rini, ni ko shi. Na ci gaba da bita in ya kwanta da rana. Ban san abin da nake fata ba.

Na sani.

Litinin, 30 ga Oktoba

Ya kira ni sama. "Tokie." Sunana kawai, amma sai da na yi tuntuɓe a matakala.

Fuskar na gabansa da gammon nan biyu. Ya turo nawa da yatsa. "Mayar da wannan."

Na ce ai ba zai ga komai ba.

"Na sani. Da can ban san ni makaho ba ne, shi ya sa nake neman ginshiƙi da ido. Yanzu na sani." Ya ce daga bakin gadar katakon da ake bi a shigo dandamali zuwa ginshiƙin taku sha ɗaya ne, katakon ƙasa kuma yana da gaɓoɓi, ƙafa na jin su ta cikin safa. Ba zai fitar da budurwar kakansa tana kuka ranar cikarsa tamanin ba.

"In ka zarce fa?"

"Kina baya, kin san abin yi. Ai kin yi bita, ina jin ki ta rufi kowace rana."

Na rasa inda zan sa kaina. Wasan ya koma hannunsa ke nan. Na sauko na yanka kabewa da ƙarfin da kabewa ba ta buƙata.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Bitar haɗuwa da makaɗa, ita ce ɗaya tak kamar yadda aka saba. Sha ɗaya, ya tsaya. Sha ɗaya, ya tsaya. Sau ɗaya sha biyu. Ko Kawu Uozumi bai tsokani kowa ba yau.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

An yi.

Mu uku muka sa masa kaya, riga kan riga, na ɗinke ta saman a jikinsa kamar kullum, allurar na zamewa saboda gumi. Shuɗiyar rigar Mai Rini ta yi masa nauyi yanzu. Ya zauna gaban madubi, ya sunkuya wa fuskar, na ɗaura.

"Ta zauna?"

Na ja da baya na duba da gaske. "Ba ta zauna ba, Malam. Saura takarda ɗaya."

Ya ce, "Ƙara."

Aka ɗaga labule. Abin da ya yi a dandamali ban gani ba. Mutane sun ce ya yi kyau, Kawu ya ce saura kaɗan ya manta da gangarsa. Ni farar safarsa kawai nake kallo ina ƙirgawa. A juyi na ƙarshe, inda waƙa ke sauri, ya kai sha ɗaya amma ƙafarsa ta dama ta ci gaba da ja. Yatsunsa suka leƙa bakin katako. Suka tsaya, suka dawo.

Na daɗe ina tsoron abin da zuciyata za ta so a wannan lokacin. Ba ta so komai ba sai ya tsaya. Da ya faɗi ma ban san ko zan iya tashi ba.

A ɗakin madubi na kwance masa. Fuskarsa ta yi jawur, ga shatin gammo a haɓa. Ya ce, "Ruwa." Na ba shi. Ya ce ya gama da fuskar budurwa, daga yau sai ta tsofaffi, su dama ƙasa suke kallo. Da yamma muka ci kaguwa, ya ci tasa ya ci rabin tawa.

Alhamis, 7 ga Disamba

Dusar ƙanƙara ta fara. Mai Rini tawa ce a watan Afrilu, jiya ya faɗa a gaban ɗalibai ba ya ko kallona.

Yau na sa fuskar, shi ya zauna wurin masu kallo da bargo a gwiwa. Taku biyar na yi ya tsayar da ni.

"Ɗaga kai."

"A ɗage yake, Malam."

"To ba a ɗage yake ba. Wuyanki ya fara. Takarda biyu a haɓa."

Na ce shekarata hamsin da huɗu kacal, na ce sanyi ne, na ce zaman tsaron baya ne ya ƙage min kafaɗa. Ya bar ni na gama.

"Na ji. Ni dai na faɗa miki da bakina. Biyu."

Na sauko na ƙi cin abincin rana da shi. Tsoho sai son ramuwa.

Can anjima na koma sama na naɗa biyun, don kawai ya bar ni in huta. Ina ganin ginshiƙin sarai, babu abin da ya canja. Daga bakin gada ni taku sha uku ne, ƙafata ba ta kai tasa ba. Ba don komai na ƙirga ba.